Ranar da Tsinke Ya Fita Daga Ayari

9 ga Maris

Zuwa ga ɗan ƙanwata, Tsinke,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka da 'yan biyunku. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Yayarka tana gaishe ka. Shagon gyaran keke yana nan yadda ka san shi, sai dai rumfar ta fara yoyo ta wajen da nake rataye tayoyi. Kada ka sake ce mini in riƙa kiranka a waya. In an kira ka sai ka ce "lafiya lau" sau uku ka ajiye, ita kuwa takarda ba ta gudu.

Bayan haka, ran Lahadi Tela maƙwabcina ya kunna talabijin ɗin shagonsa don mu kalli tserenku. Mu bakwai muka zauna, har da mai wanki da guga, wanda bai san sarƙa da birki ba amma ya fi kowa surutu. Awa uku muna neman ka cikin ayarin nan naku na mutum kusan ɗari biyu. Can sai Tela ya ce ga ka nan. Wai ka sauka daga kekenka, ka miƙa wa wani, ka ma tura shi da hannunka, ka tsaya bakin titi kana kallon ayari yana wucewa. Mai guga ya ce, "Malam, ɗan naku an yi masa fashi ne, ko kyauta ya yi?" Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

Tsinke, ni na haɗa maka kekenka na farko daga gawar kekuna uku, shekarar da mahaifinka ya rasu. Na ga ranar da ka riga motar haya hawa tudun tankin ruwa, direba yana zaginka ta taga. Yanzu shekara goma sha ɗaya kana cin abinci da tsere, kullum in an karanto sakamako sai in ji ka na tamanin da wani abu. Me ya same ka? In ƙafa ce ta gaza, faɗa mini. In cutarka ake yi, faɗa mini.

Ina son ka fito gaban ayarin nan bana.

Kawunka

27 ga Maris

Kawu,

Allah ya ƙara girma. Na samu takardarka, kowa lafiya. 'Yan biyu sun fara tafiya, ɗaya ta fi ɗayar ganganci, uwarsu ta ce ni ta biyo. A sa a duba rumfar nan kafin ruwa ya ɓata maka tayoyi.

Kawu, ba fashi aka yi mini ba, kuma ƙafata ƙalau take. Na sha son in bayyana maka aikina, sai in ga kamar ka sani. Mu takwas ake fitarwa a ƙungiya, amma mutum ɗaya ake nema wa nasara, shi ne kyaftin. Sauran bakwai nasa muke yi. Ka san duk wanda ke gaba shi iska ke duka, wanda ya laɓe a bayansa kuwa sai ya rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahala. To ni nake shan iska domin shi. In ruwa ya ƙare, ni nake komawa baya wajen motar ƙungiya, in cusa gora tara a cikin riga, in ratso ayari in raba wa 'yan uwa. Ran da kuka gani, sarƙar kyaftin ce ta tsinke, motarmu ta maƙale a baya, kuma tsayinmu ɗaya da shi. Ban ko yi tunani ba. Da kekena ya zo na biyu a ranar.

Ba na yawan faɗin abin da na yi, amma tunda ka tambaya. Sau tara na shiga babban tsere na mako uku, sau tara na kai ƙarshe, alhali kowace shekara mutum talatin ko fiye ke zubewa a hanya. Kyaftin ya ci shi sau biyu, kuma duka biyun rigar da ya sa ranar ƙarshe ni ya ba, suna nan rataye a ɗakina. Ƙashin kafaɗata ya karye sau biyu. Ƙungiya uku na yi wa aiki, ba wadda ta sallame ni, ni nake tashi. A wannan sana'a akwai waɗanda suka ci tsere biyar aka manta da su cikin shekara uku.

Tun da na zama ƙwararre ban taɓa cin tsere ba, gaskiya ne. Ba don in ci aka ɗauke ni ba, Kawu, kuma na daɗe da yin sulhu da wannan. Shekarata talatin da huɗu, ina jin bana ko baɗi zan ajiye.

Ka gaishe da Yaya da Tela. Mai guga kuma a ce masa kyauta ce.

Ɗanka, Tsinke

12 ga Afrilu

Tsinke,

Muna lafiya. A shafa mini kan yara.

Na ji bayaninka. Ruwa, iska, riguna biyu, duk na ji. Amma gani ya kori ji. A tsakiyar ayarin nan ba mutum ko ɗaya, huluna ne kawai suke tafiya.

Ka fito gaba ko sau ɗaya. Bana nake so, ba baɗi ba.

Kawunka

30 ga Afrilu

Kawu,

Muna lafiya, da fatan kuna lafiya.

Na ga takardarka. Layi biyar ne amma sun cika shafi, kowane harafi kamar ƙwai, har ka hau kan layin da ka riga ka rubuta. Tun ina yaro na san in ranka ya ɓaci ba ka ɗaga murya, ashe a takarda kake ɗagawa.

Na zauna na zayyana maka shekara goma sha ɗaya na raina, ka ce huluna ne. Na gane. Kunya nake ba ka a shagon Tela, kana son abin da za ka rufe bakin mai guga da shi. To ba ni da shi. Wannan ya yi mini ciwo fiye da karayar kafaɗa, domin kai kaɗai ne nake zaton za ka gane. Kai ma shekara arba'in kana durƙushe kana gyara kekunan da wasu ke hawa, ba wanda ya taɓa tafa maka, ni kuwa ban taɓa jin kunyarka ba.

Aiki ya yi yawa yanzu, ban san ran da zan sake samun sukunin rubutu ba.

Tsinke

26 ga Yuni

Ƙanena,

Ina gaisuwa, ya iyali, ya ƙafa? Ni ce Yayarka. Baba, wato kawunka, bai san na rubuto ba, in ya sani kuwa na shiga uku, don haka ka riƙe bakinka yadda ka iya riƙe shi wata biyun nan.

Takardarka ta ƙarshe ni na karanta masa, da bakina. Tun bara ni nake karanta masa dukansu. Da na zo layin nan na shekara arba'in na so in tsallake, sai ya ji na yi jim, ya ce, "Karanta abin da ke wurin." Na karanta. Ya ce in maimaita. Na maimaita. Sai ya laluba ya ɗauki wilin keken da yake ɗaurewa ya ci gaba. Tun kana ƙarami kanka kamar ƙarfen feda yake, amma ban zaci ka kai nan ba.

Idon Baba ne ke tafiya. Likita ya ce ciwo ne mai cin jijiyar ido, an makara, magani sai dai ya rage masa gudu. Na hagu ya mutu tun farkon shekara. Na dama kuwa ya ce kamar mai leƙe ta bututu yake gani, kuma bututun kullum ƙara tsukewa yake. Likita bai yi mana alkawarin ƙarshen shekara ba. Rubutun da ka ce ihu ne, mutum ne ya kwana uku yana fama da biro don ya ƙi yarda in rubuta masa. Aiki da hannu yake yi yanzu, yana jin ramin taya da leɓensa, masu kawo gyara da yawa ba su ma lura ba.

Shi ba ruwansa da mai guga. Ran tsere kujerarsa har tana taɓa teburin talabijin. In an nuno ayari ba ya ganin komai sai kala-kala, sai Tela ya ce masa "ga shi can, na uku daga hagu," shi kuma ya gyaɗa kai don kada a ji tausayinsa. Amma ya lura duk wanda ya ɓalle ya yi gaba, babur mai kyamara yana manne masa, fuskarsa ta cika gilashi. Wannan yana iya gani. Ka ji abin da yake roƙonka, girman kai ya hana shi faɗa.

Kada ka ce za ka baro aiki ka taho. Na gwada masa zancen a kaikaice, ya ce ya san fuskarka a zaune, ba ita yake nema ba. Ya ce shi ya ɗora ka a kan keke, kuma bai taɓa ganinka a bakin aikinka ba.

Ban san yadda sana'arku take ba. In ba zai yiwu ba, ka dai rubuto masa.

Yayarka

15 ga Yuli

Kawu,

Allah ya ƙara girma, ya ba da lafiya. Mu nan ƙalau. Na yi maka rashin kunya a takardata ta baya, ba ni da hujja, ka yafe mini. Kada ka tambayi dalilin da ya sa na sauko, kuma kada ka yi wa kowa faɗa.

Muna sansanin horo a kan duwatsu. Shekaranjiya bayan cin abinci na sami kyaftin a ɗakin tausa, yana kwance ana murza masa ƙafa. Na ce ina roƙon rana ɗaya a babban tsere na bana, wadda zan yi wa kaina gudu. Ya ɗago kai ya dube ni, ya ce, "Shekara bakwai muna tare, yau ka fara roƙona abu. Rana ɗaya kawai?" Manaja ya ɗan yi gardama, ya ce wa zai ɗauko ruwa. Kyaftin ya ce shi ma yana da hannu.

An ba ni rana ta goma sha huɗu, wato Asabar ta farko a Satumba. Kilomita ɗari da tamanin ne, hawa da sauka. Ba ni kaɗai ke son ɓallewa ba, kowace rana mutum hamsin ke nema, ayari kuma ba ya sakin kowa sai wanda ya ga dama. Ban yi alkawarin zan samu ba, amma zan nema da duk abin da ke ƙafata.

Rigarmu shuɗiya ce mai farin hannu, lambata arba'in da bakwai. A ce wa Tela ya goge gilashin talabijin ɗin nan, na san ƙurar yadi ta rufe shi.

Ɗanka, Tsinke

9 ga Satumba

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Yau ranar hutu ce, ina kwance a ɗakin otal, ƙafafuna a jingine da bango, abokin ɗakina yana minshari da rana tsaka. Jikina lafiya, sai gajiya. Ban san me kuka gani ba, bari in faɗa maka yadda aka yi.

Minti arba'in na farko wuta ce. Sau huɗu ina fita ana kamo ni. A na biyar na waiga, sai na ga wanda ke jan ayari wani tsoho ne irina daga wata ƙungiya, wanda na taɓa ba gorata ta ƙarshe a wata ranar zafi shekara shida da suka wuce. Ya dube ni, ya miƙe zaune a kan sirdi, ya buɗe hannuwa ya tare na bayansa. Haka aka sake mu, mu shida. Ban san mutane suna riƙe irin wannan ba.

Tazararmu ta kai minti tara, manaja ya ce mini ta rediyon kunne ayari ya haƙura, a cikinmu shida mai nasara zai fito. Ya ce in laɓe, in ci abinci, in jira tudun ƙarshe, don a cikin shidan ba wanda ya kai ni hawa. Gaskiya ya faɗa, Kawu. Duk wanda ya san tsere haka zai yi, ni ma haka nake koya wa sababbi. Amma na lura babur mai kyamara yana yawo a tsakaninmu, ya ɗan tsaya a kan wannan ya koma kan wancan, sau da yawa ma daga baya yake ɗauko mu a dunƙule. Na ce a raina wannan ma ƙaramin ayari ne.

Saura kilomita sittin na tashi tsaye na tafi ni kaɗai. Manaja ya yi ta ihu yana tambaya ko na haukace, na zare abin daga kunne. Na cire tabarau na jefa wa wata mata a bakin hanya. Babur ya zo ya tsaya daidai gabana, kusa har ina jin warin hayaƙinsa, bai ƙara barina ba awa ɗaya da rabi.

Mutum ɗaya ba ya gagarar biyar masu karɓa-karɓa da iska. Saura kilomita biyu suka wuce ni kamar ina tsaye, ko bin bayansu ban iya ba. Na zo na shida. Wanda ya ci yaro ne da na fi ƙarfi a kowane tudu ranar nan. Manaja bai yi mini magana ba sai jiya, ya ce a shekara ashirin bai ga wanda ya zubar da nasara da hannunsa kamar ni ba. Ba zan ɓoye maka ba, da na shiga motar ƙungiya na rufe kaina da tawul na yi kuka, domin na san irin wannan rana ba za ta sake zuwa ba. Amma ko yau aka maido ni wurin, a nan zan sake tashi.

Gobe zan koma ɗaukar ruwa, saura kwana shida, kyaftin yana na biyu. Ka faɗa mini gaskiya, ka gan ni?

Ɗanka, Tsinke

2 ga Oktoba

Tsinke,

Gaisuwa mai yawa, a gaishe da matarka da yara. Hannun Yayarka ne wannan, bakin nawa ne. Na san abin da ta yi, na yi mata faɗan, ta ce in ƙara. Maganar yafiya kuma a bar ta, abin da ka faɗa a kan shekara arba'in ba ƙarya ba ne, zafi ne kawai ya yi.

Na gan ka.

Ba wanda ya nuna mini. Tela ya buɗe baki zai ce "ga shi nan," na ce masa ya yi mini shiru. Ka rame, kuma ka yi furfura a gemu ba ka faɗa mini ba. Akwai tabo a haɓarka wanda ban san da shi ba. Har yanzu in tudu ya yi tsanani kana karkatar da kai hagu kana cije leɓe, kuma gwiwarka ta dama tana buɗewa waje. A gaya wa makanikinku ya duba takalmin nan, ni da a hannuna kake da ban bar ka haka ba. Na ga gumi yana ɗiga daga hancinka a kan ƙarfen keke. Awa ɗaya da rabi ban tashi ba, ban sha ruwa ba, ina tsoron ƙifta ido.

Da ka tashi kai kaɗai, mai sharhi ya ce kuskure ne, ya yi wuri. Tela ma ya ce, "Malam, ɗan nan bai iya lissafi ba." Ni na san lissafin da ka yi. Da na san abin da zai ci maka ke nan, da ban roƙa ba. Yayarka ta ce ƙarya nake, da na roƙa. Ta rubuta duka biyun, ka zaɓa.

Mai sharhin ya yi ta ba da tarihinka, tseren mako uku sau tara, kafaɗa sau biyu, ya ce ba kyaftin da ba ya son irinka a gabansa. Mai guga ya ce ashe babban mutum ne. Yanzu shi ke ba mutane labarin iska da gora tara, kamar shi ya haife ka. Mun kuma ji kun gama lafiya, na goma ke nan.

Kwana goma sha ɗaya bayan tseren na tashi da safe na tambayi Yayarka me ya sa ba a buɗe taga ba. A buɗe take. Likita ya ce da ma lokacin ne, ba talabijin ba ce, don haka kada ka ɗora wa kanka. Ita tana ta kuka, har yanzu ma ina jin tana jan hanci a kan takardar mutane. Ni raina a kwance yake, abin da na ajiye idon domin shi na samu.

Ka ce ƙarshen wata kakar tsere za ta ƙare. Ka taho da yaran, ina son in ji nauyinsu. Za ka same ni a shago, ina nan ina ɗaure wili. In ka iso kada ka tsaya a bakin ƙofa kana murmushi kana jiran in gane ka. Ka yi magana.

Kawunka